Aikatau da ɗan rakiyarsa a Ingilishi: sharhi a kan yadda ake bayaninsu ga mai jin Hausa

0. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa gyaran takardun Ingilishi a kwaleji ko lise a ƙasar nan ya san irin jimlar da za mu fara da ita. An ce wa ɗalibi ya faɗi cewa ya sauka daga mota a bakin kasuwa, sai ya rubuta:

(1) I descended from the bus at the market.

Babu dokar nahawun da aka karya a nan. Amma mutumin Ingila ko na Amurka, idan yana hira da maƙwabcinsa, abin da zai ce shi ne:

(2) I got off the bus at the market.

Ɗalibin ya taso daga «sauka», ya bi ta _descendre_ na Faransanci, ya tarar da _descend_ yana jiransa a ƙamus, sai ya ɗauka. Bai taɓa kusantar _get off_ ba, domin hanyar da aka ɗora shi a kai ba ta bi ta nan.

A wannan ƴar maƙala muna so mu yi sharhi a kan yadda littattafan nahawu da na fassara suke bayanin haɗuwar aikatau na Ingilishi da ƙananan kalmomi irin su _up, out, off, in, on, away, back_. Ra'ayinmu shi ne: bayanin da ya iso mana ta hannun Faransanci yana mai da wannan tsari tarin karin magana da sai an haddace, alhali mai jin Hausa yana da rabin mabuɗinsa a cikin tsarin aikatau na harshensa. Maganar ta ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da _Charte de la refondation_ ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta kuma sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Za mu fara da sunayen da aka ba abin (1), mu dubi rabe-raben Quirk da abokan aikinsa (2), sannan hanyar Faransanci (3), kafin mu kawo shaidar Hausa (4) da iyakarta (5).

1. Abin da ake nufi da sunayen da aka ba shi

Domin sauƙin bayani za mu yi amfani da kalmomi biyu. Za mu kira ƙaramar kalmar da ke bin aikatau, wadda ba ta jan suna a bayanta, «ɗan rakiya»; ita ce ake kira _particule_ da Faransanci. Wadda kuwa ke shiga gaban suna ta ja shi, wato _préposition_, za mu kira ta «jagoran suna». Wahalar ita ce kalma ɗaya takan yi aikin biyu: _off_ jagoran suna ne a cikin (2), amma ɗan rakiya ne idan aka ce _I got off_ kawai.

Tsarin ba sabo ba ne. Tsohon Ingilishi ya fi dogara da ɗafa-goshi a jikin aikatau, kamar yadda Jamusanci yake yi har yanzu. A zamanin Ingilishi na tsakiya yawancin waɗannan ɗafe-ɗafe suka raunana, ƙananan kalmomin da ke bin aikatau suka karɓi aikinsu. A daidai wannan zamani, bayan cin Ingila da Normandawa suka yi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin suka yi ta kwarara cikin harshen. Sakamakon haka Ingilishi ya wayi gari da tagwayen kalmomi masu yawa: _go on_ da _continue_, _find out_ da _discover_, _give up_ da _abandon_, _put off_ da _postpone_. Na farko shi ne na gida da kasuwa, na biyu ya fi zama a takarda da ofis. Mai Faransanci yana gane na biyu tun kafin a koya masa, don haka can yake karkata.

Samuel Johnson ya ambaci wahalar da waɗannan haɗe-haɗe suke ba baƙi tun a gabatarwar ƙamusunsa na 1755. A. G. Kennedy ya keɓe musu nazari a 1920. Sunan _phrasal verb_, wanda ya fi yaɗuwa, ya shiga bugu ne ta littafin Logan Pearsall Smith, _Words and Idioms_, na 1925. A makarantun Faransa kuwa an daɗe ana kiransu _verbes à postposition_, kuma wannan suna ne ya biyo malamai da littattafai zuwa ƙasashenmu. Sunan yana da aibi: yana sa ɗalibi ya zaci ƙaramar kalmar kullum tana manne a bayan aikatau, ga shi kuwa, kamar yadda za mu gani, babbar alamarta ita ce tana iya rabuwa da shi.

Game da yawansu a magana, Gardner da Davies sun ƙirga su a 2007 a cikin taskar matani ta _British National Corpus_. Sun sami haɗe-haɗe 518,923, suka kuma nuna cewa aikatau 20 tare da ƴan rakiya 8 su ne suka samar da fiye da rabin wannan adadi. Haɗe-haɗe 100 da suka fi yawan fitowa suna ɗauke da ma'anoni har 559. Darasin da ke cikin waɗannan alƙaluma a fili yake: kayan ginin kaɗan ne, ma'anonin ne suke da yawa. Duk bayanin da bai taɓa ma'anar ɗan rakiya ba ya bar wurin da aikin yake.

2. Rabe-raben Quirk da abokan aikinsa

Littafin Quirk, Greenbaum, Leech da Svartvik, _A Comprehensive Grammar of the English Language_, na 1985, shi ne madogarar yawancin darussan da ake bayarwa a sassan Ingilishi. Ya kasa aikatau masu kalma fiye da ɗaya gida uku: mai ɗan rakiya, kamar _turn off_ «kashe», mai jagoran suna, kamar _look at_ «duba», da mai duka biyun, kamar _put up with_ «jure wa». Ƙarfin wannan rabo yana cikin gwaje-gwajen ginin jimla da yake tafe da su. Mu dubi waɗannan jimloli biyu da suka yi kama a ido:

(3) a. He turned off the lamp. «Ya kashe fitilar.»
b. He turned off the road. «Ya kauce daga hanyar.»

Gwaji na farko shi ne na sauya wuri. A (3a) ana iya kai _off_ bayan karɓau, a (3b) ba a iyawa da wannan ma'ana. Alamar tauraro tana nuna jimlar da ba ta karɓuwa:

(4) a. He turned the lamp off.
b. *He turned the road off.

Gwaji na biyu shi ne na wakilin suna. Idan karɓau wakilin suna ne mara nauyi, dole ya shiga tsakanin aikatau da ɗan rakiya. Jagoran suna kuwa dole ya riga shi:

(5) a. He turned it off.
b. *He turned off it. (idan fitila ake nufi)
c. He turned off it. (idan hanya ake nufi)

Gwaji na uku shi ne na tambaya. Jagoran suna yana iya tafiya farkon jimla tare da sunansa, ɗan rakiya ba ya iyawa:

(6) a. Off which road did he turn?
b. *Off which lamp did he turn?

Waɗannan gwaje-gwaje sahihai ne, kuma babu malamin da zai yi ba tare da su ba. Sukarmu a wurare biyu take.

Na farko, rabon ya haɗa ma'auni biyu da ba jinsi ɗaya ba: ginin jimla da duhun ma'ana. Domin a karɓi haɗi a matsayin aikatau guda, ana so ma'anarsa ta zama ba ta fitowa kai tsaye daga sassansa. Ta haka _bring up_ «rena yaro» ya sami shiga, amma _bring up_ «hawo da kaya bene» ya zama haɗi na sakaka, ko da yake su biyun suna amsa gwaji (4) da (5) iri ɗaya. Ɗalibi sai ya tashi da tunanin cewa abubuwa biyu ne da ba su san juna ba, alhali ma'anar reno daga ma'anar ɗagawa ta tsiro. Huddleston da Pullum, a _The Cambridge Grammar of the English Language_ na 2002, sun ƙi sunan _phrasal verb_ gaba ɗaya. A wurinsu ɗan rakiya jagoran suna ne da bai ja suna ba, kamar yadda aikatau yake iya zuwa da karɓau ko babu shi. Misalinmu na _got off the bus_ da _got off_ yana goyon bayansu. Jespersen ya riga ya nuna wannan hanya tun 1924.

Na biyu, rabon yana gaya wa ɗalibi inda zai ajiye _off_, amma ba ya gaya masa dalilin da ya sa _off_ ne aka zaɓa aka bar _out_ ko _away_. A nan littafin Dwight Bolinger, _The Phrasal Verb in English_, na 1971, ya fi amfani ko da yake ya riga na Quirk da shekara 14. Bolinger ya nuna cewa ɗan rakiya yana ɗauke da ma'anar motsi da ta inda aiki ya tsaya, kuma wurinsa a jimla yana bin nauyin labari: abin da yake sabo ga mai sauraro shi ke zuwa ƙarshe. Wannan ne ya bayyana (5a), domin wakilin suna abu ne da aka riga aka sani. Shi ne kuma ya bayyana abin da ya sa dogon karɓau yake ƙin shiga tsakiya:

(7) She turned off the radio that her brother had brought from Kano.

Susan Lindner ta bi wannan sawu a kundinta na 1981 a San Diego, inda ta nuna cewa ɗaruruwan haɗe-haɗe masu _out_ da _up_ suna komawa ga ƴan ma'anoni kaɗan masu dangantaka da juna.

3. Hanyar Faransanci

Faransanci ba shi da wannan tsari. Saboda haka littafin da ke koyar da Ingilishi ta Faransanci yakan bi ɗaya daga hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce jeri. A ƙarshen littafi ko a gefen darasi sai a tarar da shafi: _give up_ a gaban _abandonner_, _give in_ a gaban _céder_, _give away_ a gaban _donner_, _give back_ a gaban _rendre_. An jera su a ƙarƙashin aikatau, kamar dai shi ne mai ma'anar. Ɗalibi yana ganin _give_ sau huɗu da fassara huɗu da ba su da alaƙa, sai ya yanke cewa harshen ba shi da kan gado. Ya haddace domin jarrabawa, bayan mako biyu ya koma wa _abandon_. Ƙamusun Cowie da Mackin na 1975, wanda Oxford ta buga, aiki ne mai zurfi, amma shi ma jeri ne bisa haruffan aikatau. An yi shi domin a duba, mu kuma muka mai da irinsa abin koyarwa.

Wannan gudun ba halin ɗalibanmu kaɗai ba ne. Dagut da Laufer sun nuna a 1985 cewa masu jin Ibrananci, wanda shi ma ba shi da ƴan rakiya, suna kauce wa haɗe-haɗen su ɗauki kalma guda. Laufer da Eliasson sun nuna a 1993 cewa mutanen Suwidin, waɗanda harshensu yake da irin tsarin, ba sa kaucewa haka. Ke nan abin da mai koyo ya zo da shi daga gida yana da tasiri. Tambayar da ta dame mu ita ce: wane gida ake ƙirga wa ɗan Maraɗi ko na Damagaram? Littafi yana ɗaukarsa a matsayin mai Faransanci, ya manta cewa Faransancin ma a aji ya same shi.

Hanya ta biyu ta fi ta farko ilimi. Vinay da Darbelnet, a _Stylistique comparée du français et de l'anglais_ na 1958, sun kawo abin da suka kira _chassé-croisé_, wato musayar wuri: abin da Ingilishi ya sa a ɗan rakiya Faransanci yana sa shi a aikatau, abin da Ingilishi ya sa a aikatau Faransanci yana mai da shi bayanau.

(8) a. The child ran out.
b. L'enfant est sorti en courant.

Leonard Talmy ya faɗaɗa wannan lura tun daga 1985 zuwa rabon harsunan duniya: masu sa hanyar motsi a cikin aikatau, kamar Faransanci da Sifaniyanci, da masu sa ta a wata kalma ta gefe, kamar Ingilishi da Jamusanci. Musayar wuri dabara ce mai kyau ga mai fassara, mu ma muna koyar da ita. Sai dai tana aiki ne a inda akwai motsi na zahiri. Ba ta da abin cewa a kan bambancin da ke tsakanin _eat_ da _eat up_, ko _tie_ da _tie up_, ko _burn_ da _burn down_. A nan Faransanci yakan ba da fassara ɗaya ga duka biyun, ko ya ƙara _tout_ ko _complètement_, ɗalibi kuma ya ɗauka ɗan rakiyan ado ne da za a iya yar da shi.

4. Shaidar Hausa

F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai a 1960, bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. Paul Newman ya sake duba tsarin a 1973, ya bambanta giredin asali da waɗanda aka ƙara wa ɗafa-ƙeya mai ma'ana. Uku daga cikin na biyun ne suka shafe mu: na 4, na 5 da na 6.

4.1. Giredi na 4 da ma'anar ƙarewa

Giredi na 4 yana ƙarewa da -e, kuma ɗaya daga manyan ma'anoninsa ita ce aiki ya game abu duka ko ya kai ƙarshe. Wannan ita ce ma'anar _up_ da Faransanci ya kasa kamawa:

(9) a. Ya ci tuwo. He ate the food.
b. Ya cinye tuwon. He ate up the food.
(10) a. Ta sha nono. She drank milk.
b. Ta shanye nonon. She drank up the milk.
(11) a. Ya ɗaura wa akuya igiya. He tied a rope on the goat.
b. Ya ɗaure akuyar. He tied up the goat.

Haka kuma «ƴan kasuwa sun saye hatsi» shi ne _buy up_, «rumbu ya ƙone» shi ne _burn down_. Babu yaron da ya tashi da Hausa da zai rikita «ci» da «cinye». Ya san cewa wanda ya ci ya iya ragewa, wanda ya cinye bai bar kome ba. Idan aka ce masa _up_ na _eat up_ shi ne abin da ya mai da «ci» ya zama «cinye», an gama darasin cikin minti ɗaya, kuma zai iya gane _use up, finish up, dry up, fill up_ ba tare da jeri ba.

4.2. Giredi na 5 da ma'anar rabuwa

An daɗe ana kiran giredi na 5 na sa aiki. Newman ya nuna a 1983 cewa ainihin ma'anarsa ita ce aikin ya fita daga wurin mai yinsa ya nufi waje. Wannan ita ce ma'anar _away_, da _out_ a wurare da yawa:

(12) jefa, jefar da: throw, throw away
zuba, zubar da: pour, pour away
ba, bayar da: give, give away
tofa, tofar da: spit, spit out

Kamar ta wuce ma'ana ta shiga ginin jimla. «Da» ɗin da ke bin wannan giredi yana rabuwa da aikatau idan karɓau kaikaitacce ya shigo, yana kuma ɓacewa idan karɓau ya tafi gaba:

(13) a. Ya zubar da ruwa.
b. Ya zubar mini da ruwa.
c. Ruwan da ya zubar.

Masana Hausa sun yi ta muhawara a kan ko wannan «da» ɓangaren aikatau ne ko jagoran suna ne. Mahamane Abdoulaye ya keɓe wa batun maƙala a 1996. Irin muhawarar da ke tsakanin Quirk da Huddleston ke nan. Abin da ya shafi aji shi ne, ɗalibinmu ya riga ya saba da aikatau mai sassa biyu da wata kalma take iya shiga tsakaninsu. Ya kuma saba da cewa wakilin suna yana canza siffar abin da ke kusa da shi: «ya sayi doki» amma «ya saye shi», «ya fitar da shi» ko «ya fisshe shi». Dokar (5a) ba za ta zame masa abin mamaki ba idan aka shigo masa da ita ta wannan ƙofa.

4.3. Giredi na 6 da madubi

Giredi na 6 yana ƙarewa da -o, yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana. A nan dangantakar harsunan biyu kamar ta mutum da hotonsa a madubi ce:

(14) fita, fito: go out, come out, sortir
shiga, shigo: go in, come in, entrer
sauka, sauko: go down, come down, descendre

Ingilishi ya sa hanya a ɗan rakiya, ya sa wurin mai magana a aikatau. Hausa ta sa hanya a saiwar aikatau, ta sa wurin mai magana a ɗafa-ƙeya. Ko wanne ya faɗi abu biyu. Faransanci abu ɗaya ya faɗa: _il est sorti_ ba ya nuna ko mai magana yana ciki ko yana waje. Ɗalibin da ya bi ta _sortir_ ya zubar da labarin da yake buƙata domin ya zaɓi _go_ ko _come_, ga shi kuwa labarin yana nan a «fita» da «fito». A «koma» da «komo» ne Faransanci yake riƙe bambancin, da _retourner_ da _revenir_.

Akwai wata ƙaramar shaida daga maƙwabta. Ɗalibanmu na kudu suna jin Ingilishin Nijeriya a kasuwa da rediyo, inda ake cewa _off the light_ da _on the fan_, wato an yar da _turn_ ko _switch_ an mai da ɗan rakiya aikatau. Ba a karɓar wannan a daidaitaccen Ingilishi, kuma wajibi ne malami ya faɗi haka. Amma masu maganar sun gane inda ma'anar take: da aka rage kaya, aikatau aka sauke, aka bar _off_.

5. Inda kwatancen ya tsaya

Ba za mu so a ɗauki abin da ya gabata a matsayin doka mai cin ko'ina ba. Akwai iyakoki uku.

Ta farko, a wajen motsi Hausa tana gefen Faransanci. Tana da aikatau masu ɗauke da hanya: shiga, fita, hau, sauka, ƙetare, wuce. Yanayin tafiyar kuwa a bayanau yake zuwa. Jimla (8) a Hausa ita ce «yaron ya fita da gudu», daidai da ginin _sorti en courant_. Don haka mai Hausa shi ma zai karkata ga _he went out running_, kuma musayar wuri ta Vinay da Darbelnet tana da amfani gare shi yadda take.

Ta biyu, ma'anonin ba su dace baki da baki ba. _Up_ na _stand up_ ɗagawa ne, na _turn up_ «ɓullo» bayyana ne, babu ƙarewa a cikinsu. Giredi na 4 shi ma yana da wasu ayyuka: a «tulu ya fashe» yana nuna abin ya auku ga aikau, a «ƙwace» da «tsere» yana nuna rabuwa, inda Ingilishi zai sa _away_. Wani lokaci kuma abin da Hausa ta yi da giredi Ingilishi yana yin sa da kalmomi biyu dabam, kamar «saya» da «sayar da», _buy_ da _sell_, ko «kai» da «kawo», _take_ da _bring_. _On_ na ci gaba, kamar a _he talked on_, ba shi da giredi. «Ya yi ta magana» ne yake fassara shi.

Ta uku, akwai haɗe-haɗen da ma'anarsu ta yi nisa da sassansu har ba a hangen hanya: _put up with_ «jure wa», _take after_ «yi kama da mahaifi ko dangi», _make out_ «gane da ƙyar». Waɗannan sai hadda. Haka ma zaɓen jagoran suna a _depend on, listen to, wait for_ ba ya bin wata ma'ana da za a dogara da ita, kuma a nan ne Faransanci yake jawo _depend of_ da _wait the bus_. Amma ko a nan ɗalibi ba baƙo ba ne. Wanda ya san cewa babu abinci a «ci amana» da «ci gaba», babu ruwa a «sha kashi», babu gawa a «kashe aure», ya san yadda ƙaramin aikatau na yau da kullum yake ɗaukar ma'anoni masu nisa idan ya sami abokin tafiya. _Get, put, take, give_ su ne «ci, sha, yi, sa» na Ingilishi.

6. Kammalawa

Daga abin da muka gani, shawarwari uku ne suke fitowa. A jera haɗe-haɗe a ƙarƙashin ɗan rakiya maimakon aikatau, a fara da takwas ɗin da suka fi yawa a ƙirgen Gardner da Davies: _out, up, on, back, down, in, off, over_. A fara kowane da ma'anarsa ta wuri, sannan ta ƙarewa ko rabuwa, a bar masu duhu zuwa ƙarshe. A yarda wa malami, a ajin da yawancin yara suke jin Hausa, ya rubuta «ci, cinye» da «fita, fito» a allo kusa da misalan Ingilishi. A ajin da Zabarmanci ko Fulatanci ko Tamashek ya fi yawa, aikin neman irin wannan kwatance yana kan masana waɗannan harsuna.

Gwaje-gwajen Quirk suna nan da amfaninsu, haka ma musayar wuri ta Vinay da Darbelnet. Abin da muke suka shi ne al'adar da ta sa kome sai ya ratsa ta Faransanci kafin ya kai ga ɗalibi, har a wuraren da Faransanci ya fi harsunan biyu ƙarancin kayan aiki. Muna fatan abokan aiki na sashen Ingilishi za su gwada wannan tsari a aji biyu, ɗaya da jeri ɗaya da giredi, su kawo mana sakamakon a wata fitowa ta waɗannan takardu.